Dattijon da Ya Kawar da Dutse

Ina zaune a bencin mai facin taya, a bakin babban titin Birnin Kudu. Wata tirela da ta lalace ta tashi ɗazu, ta bar ƙaton dutsen da aka tare tayarta da shi a kan kwalta, daidai kwana. Motoci suna kauce masa, suna shiga hannun da ba nasu ba.

Sai ga wani dattijo a kan tsohon keke, da buhun gero ɗaure a baya. Ya miƙa hannu alamar zai tsaya, abin da na daɗe ban ga mai keke ya yi ba. Siriri ne, hularsa ta koɗe, yana ɗingisa ƙafar hagu. Ya jingine keken, ya ɗaga tafin hannu, wata bas ta ja birki.

"Baba, gwamnati ce ta ɗauke ka aiki?" in ji direban.

"Yi haƙuri, ɗana, yanzu za ka wuce."

Yana mirgina dutsen da ƙyar, ina jiyo nishinsa. Kafin in tashi in kama masa, ya tura shi gefe. Ban san inda ya samo ɗingishin ba, amma ina zaton irin wannan dutsen ne sila.

Yana shirin hawa kekensa, wani ɗan acaɓa ya shawo kwanar a guje, ɗauke da mace mai goyo. Ya bi ta daidai inda dutsen yake ɗazu. Ko waiwaye bai yi ba.