Fangali Uku, Sai In Zauna

Buhun masara ya faɗo mini a baya a tashar Maraɗi, shekarar da aka fara jam'iyyu. Wata goma sha huɗu ina kwance. An yi mini ƙaho, an yi tsaga, na sha ƙwayar 'yan tebur har kunnena ya yi ƙara. Ciwon bai motsa ba.

Ina da gonar rani a Jiratawa, bakin kanal ɗin ban-ruwa. Shugaban ƙungiyar manoma ya aiko cewa in rani ya sake wucewa ban shuka ba, za a ba wani.

Ƙanena ya kai ni asibitin Tsibiri a amalanke. Ma'aikata na yajin aiki, magani babu. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, kaɗai muka tarar, zaune gindin itacen bedi. Ya latsa bayana, ya sa na duƙa.

Ya ce, "Baba, ƙashin ya haɗe tuni. Kwanciyar ce ke cinka yanzu. Ka koma gona. Fangali uku, ka zauna. Ranar ciwo uku, ranar sauƙi ma uku. Kowace Juma'a ka ƙara ɗaya."

Na ce, "Allura fa?"

Ya ce babu.

Aikin bai ba ni wuya kamar zaman ba. A wurinmu namiji ba ya ajiye fartanya rana na ƙasa. Ni kuwa in na gama uku sai in zauna kan kunya, mutane na kallo.

Maƙwabcin gonata ya ɗaga murya: "Kai, dattijo, kai ma yajin ka shiga? Wane minista ya ɓata maka rai?"

Na ce, "Kai ne. Yi aikinka."

Sau ɗaya na biye musu. Na tashi da sauƙi, zuciya ta ɗebe ni, na yi goma sha biyu a tsaye. Kwana shida ban iya ruku'u ba. Da na miƙe, uku na koma, kuma na daina amsa kowa.

Shugaban ya zo duba fili, da wanda ke son gonar a bayansa. Suka same ni zaune. Ban tashi ba, don lokacin tashina bai yi ba. Na nuna musu albasa da baki. Suka zagaya fangali ɗaya ɗaya, suka tafi.

Bayan nawa yana ciwo har yau, wata rana sosai. Gonar tana hannuna. Ina yin tara, in zauna.