Guzurin da Aka Yi wa Delfina

Cikakken sunanta Delfina Casilda Toconás. Na fara saninta a watan Afrilu na shekarar 2002, lokacin da aka ɗauke ni gyaran katangar wani masaukin baƙi a garin Humahuaca, kudu da iyakar Bolibiya, ita kuma shigarta aikin wanki a wurin ke nan. 'Yar ƙauyenmu ce, Piedra Mora, sai dai na girme ta nesa, kuma na daɗe a gonakin rake, shi ya sa ban san tasowarta ba. A ranar ta dubi katangar da na ɗora ta ce ta karkace. Ba ta karkace ba. Tana nan tsaye har yau.

Delfina ce auta a ɗakinsu, ita ce kuma ba ta yi aure ba, saboda haka kula da mahaifiyarsu, Doña Brígida, ya faɗo kanta ba tare da an taɓa tambayarta ba. Shekara ashirin da biyu kullum ranarta iri ɗaya ce. Ta dama wa tsohuwa kunun masara da sassafe, ta hau tudu tafiyar awa guda har zuwa apacheta, tsibin duwatsun nan da ke kan iyakar ƙauye, ta ajiye ɗan dutsenta kamar kowane mai wucewa, ta gangara titi ta shiga bas. Da yamma ta dawo ta hanyar da ta bi.

A masaukin, 'yan jakar goyo ne baƙinta: samari da 'yan mata daga biranen Buenos Aires da Rosario da ƙasashen da ba ta iya faɗin sunayensu ba, duk sun nufi arewa. Akwai sikelin awon dankali rataye a madafa, a kansa suke gwada jakunkunansu. Yau da gobe har Delfina ta iya awo da ido. Ta gane cewa wanda ya wuce kilo goma sha biyu, kafin ya kai iyakar Bolibiya zai fara rabon kaya yana tsine wa kansa. Ta haddace hanyar kuma daga bakinsu: inda ake canjin mota, inda sanyi ke fasa leɓe, kasuwar da ake cin miya mai kyau. Har ta zama ita ake tura baƙi su tambaya.

Wata rana wata yarinya ta tambaye ta yadda ake zuwa tafkin Titicaca. Delfina ta zayyana mata komai, har da gefen da ya kamata ta zauna a cikin mota.

"Doña, wace shekara kika je?" in ji yarinyar.

Delfina ta ci gaba da matse zanen da ke hannunta, har ruwan ya ƙare tana matsewa. Iyakar Bolibiya tafiyar awa uku ce daga inda take tsaye, kuma ba ta taɓa taka ta ba.

Ran Lahadi, ana cin abincin rana a gidan yayanta Anacleto, ta ajiye cokali ta ce nan da wata biyu za ta tafi.

"Ina?" ya ce.

"Bolibiya, Peru, Ekwado, Kolombiya. Sai na ga inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. Shekara guda."

Anacleto ya yi dariya har ya ƙware. "Da shekara hamsin da uku? Auta, wannan yawo na 'ya'yan birni ne, waɗanda ba su taɓa tatsar akuya ba. Mu in mun bar gida, yankan rake muke zuwa ko haƙar ma'adinai."

"To ni yawon zan je, Yaya."

"Sai ki bar gashi ya cukurkuɗe, ki zauna bakin kasuwa kina saƙa awarwaro."

"In na saƙa zan aiko maka da ɗaya, ka ɗaura wa jakinka."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Mamita fa? Wa zai riƙe ta?"

"Tana da ɗa namiji. Na ƙirga, daga ƙofarta zuwa taka taku arba'in ne."

Herminia, matar Anacleto, ta tashi ta ce bari ta duba tukunya, alhali tukunyar tana gabanta. Tsohuwa kuwa ba ta ɗago kai daga kwanonta ba.

Jakar da Delfina ta samu wata baƙuwa ce ta bari, jar jaka mai tsinkakken maɗauri. Ta ɗinke shi da jijiyar lama, dabbar yankinmu mai kama da ɗan raƙumi. Daga nan kullum da safe sai ta cika ta da duwatsu ta hau tudu da ita don bayanta ya saba da nauyi, ta juye su a gefen titi. Masu kiwo suka sami abin yi.

"Doña Delfina, can Kolombiya ba su da duwatsu ne?"

"Suna da su. Waɗannan na toshe bakinka ne."

Ta auna kayanta a sikelin masauki sau bakwai. Riga uku, rigar sanyi, jakar barci, takalma na canji, wuƙa, taswira wadda ta sha ninki. Ta raba sabulu gida biyu ta bar rabi. Kilo goma sha biyu cif.

Da Anacleto ya ga ba'a ba ta yi ba, faɗa bai yi ba, limamin coci ma ya ce ba ruwansa, sai ya tuna da guzuri. A wurinmu, idan mutum zai yi doguwar tafiya, kowane gida na dangi da maƙwabta yakan kawo masa abin hanya, kuma dole abin ya fita ƙauye a bayan mai tafiyar. Wanda ya ƙi karɓa, ko ya tafi ya bar shi a ɗaki, ya tofa wa hannun da ya ba shi yawu, kuma ba a sake zama da shi a kan tabarma ɗaya. Bisa al'ada, abin bai wuce 'yar masara soyayya ko ƙullin ganyen koka da ake taunawa don rage gajiya ba. Anacleto ya bi gida gida yana cewa ƙanwarsa za ta ƙasar yunwa, kada a yi mata rowa. Ya zo wurina ni ma. Na saurare shi har ya gama, sannan na kai wa Delfina allura da zare.

Sauran kuwa sun ji maganarsa, wasu da zuciya ɗaya, wasu don su ga yadda za a ƙare. Don Sixto maƙwabcinsu ya kawo rabin buhun dankali. Wata goggo ta kawo barguna biyu na gashin tumaki, irin waɗanda in an rufa da su ba a iya juyi. Aka kawo cukun akuya manya huɗu, da busasshen nama, da masara. Anacleto da kansa ya zo da tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, ya dire ta a gabanta.

"Don kada ki ci abincin baƙi, auta."

Delfina ta karɓa da hannu biyu. "Allah ya saka, Yaya."

Ta ƙarshe ita ce tsohuwa. Ta fito daga madafa da ɗan dutsen da take niƙa barkono da shi, baƙi, mai santsi, wanda ya ci tafin hannun mata uku kafin nata. Ta ɗora shi a kan tarin kayan. Anacleto ya dubi jama'a yana murmushi. Delfina ta ji wannan dutse ya fi tukunyar nauyi, domin ba ta san ko da gayya aka ba ta ba.

Ta aro sikelin Don Sixto ta auna. Kilo arba'in da ɗaya.

Safiyar tafiya duk ƙauyen ya hallara a ƙofar gidan. Abin da jaka ta ɗauka ta cusa, sauran ta ƙulle a zanen goyon kaya ta ɗora a sama, tukunya kuma ta ɗaure ta a baya da igiya. Ta zauna a ƙasa ta zura hannuwa a maɗaurai. Ta yunƙura, kayan suka mayar da ita. Wani ya yi dariya. Ta sake yunƙurawa, suka sake mayar da ita.

"Ba abin kunya ba ne," in ji Anacleto da murya mai taushi. "Shiga ciki ki huta. Cukun nan sai mu ci tare."

Delfina ta juya ta durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu kamar mai neman allura. Ta kafa ƙafa ɗaya, ta kama gindin katanga, ta miƙe. Jijiyoyin wuyanta suka fito. Ta tsaya har ƙasa ta daina juya mata, sannan ta ɗaga ƙafa.

Tudun da take hawa a awa guda, ranar ya ci mata biyu da rabi. Jama'a suka bi ta a baya, tsohuwa a kan jaki. Da farko ana ta surutu ana cacar baki a kan inda za ta faɗi. Da aka wuce rabin hanya sai aka yi tsit, ba a jin komai sai numfashinta da ƙarar murfin tukunya. A wani lanƙwasa tsakuwa ta zame mata, ta zube a kan gwiwa, jini ya ɓullo ta cikin wando. Herminia ta zabura za ta tallafe ta.

"Kada ki taɓa!" in ji Delfina. "In kin taɓa Yaya zai ce ba ni na fitar ba."

"Ke dai kin cika taurin kai," in ji Anacleto, amma muryarsa ta canza. "Za ki karya bayanki a banza."

"Bayana ne."

Ta tashi. Da ta isa apacheta ba ta tsaya a gabanta ba. Sai da ta wuce ta da taku uku, ta juyo ta dubi jama'a.

"Don Sixto, kai ne babba. Nan cikin ƙauye ne ko waje?"

"Waje ne, 'yata."

"Akwai wanda na bar abinsa a ɗaki?"

"Babu."

Sai ta saki kayan suka faɗi. Ta zauna a kan buhu har numfashinta ya dawo, ta kwance ƙulli.

Abin da Anacleto ya manta, don bai taɓa yin tafiyar da ta wuce kasuwa ba, shi ne al'adar tana da ɗaya gefen. Abin da mai tafiya ya miƙa maka a apacheta, da hannu biyu ake karɓa, domin ba a san ko za a sake haɗuwa ba. A nan mahaifinsu ya cire hularsa ya ba wani makiyayi, shekarar da ya tafi rake bai dawo ba.

Delfina ta yanka cuku biyu da wuƙarta, kowa ya ci. Daga kowane guzuri ta ɗebi kaɗan, dankali uku, tafin masara, tsinken nama, ta sa a jaka. Sauran ta fara rabo, kuma ba ta mayar wa kowa abin da ya kawo ba, don kada ya zama ƙi. Goggo ta sami nama, Don Sixto ya sami masara. Tukunya ta miƙa wa Herminia.

"Matar Yaya, ga ta. Kunun Mamita ba ya son wuta da yawa."

Sannan ta jawo buhun dankali, ta ɗora barguna biyu a kai, ta tura gaban yayanta.

"Wannan ai ha'inci ne!" in ji Anacleto. "Jama'a, kuna gani fa!"

"Da hannu biyu, Anacleto," in ji tsohuwa daga kan jaki.

Ya karɓa da hannu biyu. Yana gama saɓawa, Herminia ta rataya masa tukunyar a wuya, ta ce ita bayanta na ciwo.

Saura dutsen niƙa. Delfina ta ɗauke shi tana juya shi a hannu, kowa ya zuba ido ya ga wa za ta ba. Ta buɗe jar jakar, ta zaro takalman canji da rabin sabulu da riga ɗaya, ta ajiye su a ƙasa. Ta sa dutsen a gurbinsu, ta ɗaga jakar da hannu ɗaya ta jijjiga.

"Sha biyu," ta ce.

"Miƙo takalman nan, ƙafarmu ɗaya," in ji tsohuwa. Ta duba ƙasansu, ta cusa su a zanenta. "Dutsen kuma aro ne, kin ji? Na Herminia ba ya niƙa da laushi. Shekara guda kika ce."

"Shekara guda, Mamita."

"To me kike jira? Ga motarki can ta taho."

Delfina ta tsinci dutse ta ɗora a kan tsibin, ta goya jakar. Ta gangara titi tana ɗingishi, ba ta waiwayo ba. Mu kuma muka juya gida, Anacleto a gaba yana nishi, tsohuwa a bayansa tana faɗa masa ƙarfe nawa take shan kunu.

Rabona da Delfina Casilda Toconás ke nan: ranar Alhamis, 9 ga Mayu, 2024.