Motar Yaya da Ke Mutuwa a Hanyar Jega

A shekarun da nake tuƙi, muna cikin jihar Sakkwato ke nan, motar yayana nake ja. Tsohuwar babbar mota ce mai shan fetur, bodinta na katako. Da ita muke kwasar albasa daga Aliero zuwa Jega, wani lokaci mu gangara Maiyama mu ɗauko gero. Yaya Allah ya ba shi jiki, in ya zauna a bakin benci sai na ɗaya gefen ya nemi abin riƙewa. Bai iya tuƙi ba, amma ya fi kowa sanin yadda ya kamata a yi shi.

Wata rana da hantsi mun taso daga Aliero da lodi, yana zaune a gefena, sai muka faɗa wani ɗan rami. Inji ya ɗauke ɗif, ko tari bai yi ba. Na murɗa makulli, shiru. Muka sauka dukanmu, na ɗaga bonet, na taɓa nan na taɓa can, ban ga komai ba. Na koma na sake murɗawa, ta tashi kamar ba ita ba.

Da muka isa Jega muka kai ta wajen bakanike. Ya wanke kafireto, ya canza fulogi, ya ce an gama. Na yi kusan mako guda ina zirga-zirga ni kaɗai lafiya lau. Ranar da Yaya ya sake bi na, ta mutu sau biyu kafin mu kai Dangamaji. Wani bakaniken ya ce datti ne, aka sauke tanki aka wanke. Wani ya ce fanfon mai ne. Abin haushi, a gaban bakanike ko sau ɗaya ba ta taɓa mutuwa ba.

Na rantse wa Yaya cewa in ni kaɗai ne ba ta yi. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Ɓoye min kake yi. Tuƙinka na bai da kyau. Daga yau ƙahwata ƙahwarka."

Haka kuwa aka yi, sai abin ya ƙaru. Ranar da muka je Karaye ɗaukar hatsi har na daina ƙirga mutuwarta. Duk inda ta tsaya, manoma su ajiye fartanya su zo turi, Yaya ya sauko yana tattare babbar riga yana nuna wa kowa inda zai kama. Kafin su sa hannu in murɗa makulli, ta tashi. Sai ya juya yana ce musu, "Kun gani ko? Sai na sauko na sa baki take ji." Su yi dariya su koma gona.

Wani direba ne ya ce mu gwada wani tsoho mai gyaran wayar mota a unguwar Jega Magaji. Muka same shi a rumfar zana yana shan fura. Kayan aikinsa duka a cikin gwangwani ɗaya suke, sai wani ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya biyu. Bai tashi ba, ya ce in ba shi labari tun daga farko. Ina faɗa yana katse ni.

"Da lodi take yi ko ba lodi?"

"Duka, Baba."

"Da zafin rana ko da sanyi?"

"Ba ruwanta."

"To, randa ba ta mutu ba, wa ad da kai gaban mota?"

Na ce ni kaɗai. Ya ɗaga kai ya ƙare wa Yaya kallo tun daga hula har takalmi, sannan ya ajiye ludayi.

Ya sa na tayar da mota na bar ta tana aiki. Ya ce, "Alhaji, bismilla, hau ka zauna wurinka." Yaya ya hau. Inji ya ci gaba da aikinsa.

"Ɗan tashi ka koma da ƙarhi, kamar kun hwaɗa rami."

"Baba, wasa za ka yi da ni gaban mutane?"

"Aiki nike, Alhaji."

Lokacin masu shaguna sun fara taruwa. Yaya ya ɗaga jiki ya koma jagwab. Inji ya ɗauke ɗif. Sai wani mai faci ya fashe da dariya, kowa ya kama. Ni na duƙa bayan taya ina yi don kada Yaya ya gan ni.

Tsohon ya ɗaga kujerar. Batir a ƙarƙashinta yake, kuma wayar da ta tashi daga nan zuwa makulli ta bi ta gefen ƙarfen kujerar. Robar jikinta ta goge a wuri guda. Ya nuna mana baƙin tabon ƙuna a jikin ƙarfen, ya ce duk lokacin da kujera ta lotsa sosai sai ƙarfe ya danne wayar, wuta ta bi jikin mota maimakon ta je inji. Ya gwada da ƙwan fitilarsa, yana danna kujera da gwiwa, ƙwan na kawowa yana ɗaukewa. Ya ce mu gode wa Allah da abin bai kai ga gobara ba.

Ya yanke wurin ya sa sabuwar waya, ya naɗe ta da robar tsohon tib na taya, ya canza mata hanya. Ko rabin sa'a bai yi ba. Sannan ya sake sa Yaya ya hau, ya ce ya yi ta yi iya ƙarfinsa. Wannan karon Yaya da kansa yake dariya yana tsalle a kujera, mota na rawa, inji na ta aikinsa.

Muka kama hanyar komawa Aliero har muka fita gari. Can Yaya ya ce, "In ka gaya ma matata wanga zance, ni da kai ne." Na ce ba zan faɗa ba. Muna isa muka tarar wani direba ya riga mu kai labarin, matar Yaya tana tsaye a ƙofar zaure tana tambaya ko a rage masa tuwo.