Jinin Malam Anya

Ba sunan yanka ba ne, amma ko matarsa da shi take kiransa idan ranta ya ɓaci. Bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce masa an yi ruwa a unguwarku, sai ya kashe injin aski, ya dube ka ta madubi ya ce, "Anya kuwa?" Ka ce an yi maka haihuwa, zai yi maka barka har da addu'a, amma kana gani ka san watanni yake lissafawa a ransa.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gyaran takalma da mai gyaran waya. Kujera ɗaya, benci ɗaya, sai madubin da ya tsage ta gefe. A gabanka zai ɓare sabuwar reza, ya ɗaga ta sama ya duba, don bai yarda da kamfanin ba. Kwalbar sifirit ma sai ya shinshina kafin ya shafa maka, ko an yi mata haɗi da ruwa. Mutane suna yi masa dariya, amma layi suke bi, domin ba a taɓa jin wanda ya kwaso ƙuraje a kujerarsa ba. Duk duniya mutum ɗaya ce ba ya yi wa anya, wato Yaya, babbar yayarsu da ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ta kuma kama hannunsa ta kai shi koyon aski. Har ya yi furfura Auta take ce masa.

Shekarar da cutar numfashi ta shigo gari ya ce shiri ne. Bai daina faɗa ba sai da ta kayar da shi. Ya yi makonni a asibiti yana jan iska ta roba, Yaya tana zaune a bakin ƙofa da kwanon abinci don an hana ta shiga. Da Allah ya tashi kafaɗunsa aka ɗebi jininsa aka sallame shi, ba a jima ba sai ga waya daga ɗakin ajiyar jini.

Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne wanda ya ba su lambarsa. Ya je ne kawai don ya gane wa idonsa.

Nas ɗin da ta tarbe shi doguwa ce mai tabarau, kowa Sista yake ce mata. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla. Wanda ya warke, jikinsa yakan tara garkuwa a cikin ruwan jini, ana ɗibar ruwan a saka wa wanda ke kwance ko Allah zai sa ya taimaka. Ta ce nasa na cikin mafi ƙarfi da suka auna.

"Nawa?" in ji shi. "Ni da na kusa sheƙawa?"

"Sau da yawa waɗanda suka fi jin jiki su suka fi tarawa, Malam. Muna dai bincike ne mu gane me ya sa na wani ya fi na wani."

Kalmar binciken nan ita ta tsaya masa a wuya. Ta sa ya hau ma'auni, ta gwada tsayinsa, sannan ta shiga tambaya. Yana shan taba? Barcinsa fa, yana isarsa? Yana motsa jiki, ko a tsaye yake wuni? Me ya fi ci? Su nawa ke kwana a ɗaki? Malam Anya ya dubi firij ɗin da ke gurnani a kusurwa, ya dubi jakunkunan ruwa rawaya a rataye. Mai neman jini me ya haɗa shi da barcin mutum? Ya tuna yadda mahauci ke tattaɓa dabba yana tambayar me ake ba ta. Nan take ya yanke shawarar ya ɓata kayan a idon mai saye.

Mutumin da ko hayaƙin taba ba ya so, ya ce kwali yake tashi da shi kullum. Barci kuwa ya ce rabonsa da shi har ya manta. Sista ta rubuta ba ta ko ɗago kai ba, ta ce duk wannan ba ya hana bayarwa. Sai ya ƙara gishiri.

"Na kuma yi ciwon hanta. Idona har ya zama kamar ƙwaiduwa."

A nan ta ajiye biro. "To shi ke nan, Malam. Ba za mu ɗauka ba. Allah ya ƙara lafiya."

Ya dawo shago yana taƙama. Mai gyaran takalma, wanda shi ma ya warke kuma yake zuwa bayarwa, ya sha tsiya ranar. "Su tatse ka kamar saniya, su sallame ka da lemon kwalba!" Shi dai murmushi ya yi ya ci gaba da ɗinkinsa.

Watanni suka shuɗe, har mutane suka fara sakin jiki, sai cutar ta sake zagayowa ta kama Yaya. Wannan karon shi ne a bakin ƙofa da kwano. Likita ya fito ya ce numfashinta na ƙasa, suna so su gwada ruwan jinin wanda ya warke, ba alkawari ya yi ba, kuma abin ya yi ƙaranci. Malam Anya bai tsaya jin ƙarshen magana ba. Da silifas wari da wari ya isa ɗakin ajiyar jini, yana naɗe hannun riga tun daga ƙofa.

"Sista, ki ɗiba. Duk ki kwashe. Yayata ce."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ba kai ne mai ciwon hanta ba?"

"Ƙarya na yi, wallahi. Ban taɓa yi ba. Taba ma ban taɓa sa ta a baki ba."

"Anya kuwa?" in ji Sista.

Ba ta san laƙabinsa ba. Kalmar ta dake shi yadda bai taɓa sanin tana dukan mutum ba. Ya yi rantsuwa, ya ce a kira matarsa, a tambayi maƙwabta. Ta ce ba za ta saka wa marar lafiya jini a kan rantsuwa ba, sai an gwada komai daga farko.

Da sakamako ya fito, hantarsa lafiya lau. Garkuwar ce ta tafi. Sista ta ce haka take yi, raguwa take da lokaci, tasa yanzu ba ta kai a ɗauka ba. Ta faɗa a hankali, ba ta goranta masa ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya zauna a benci ya yi kuka irin na yaro, bai damu da masu wucewa ba.

Da yamma aka samo jaka ɗaya aka rataya wa Yaya. Ya tare Sista a baranda.

"Na wane ne? Yana shan taba? Kun tabbata mutumin kirki ne?"

"Ba ma faɗa, Malam. An gwada, lafiya yake."

Bakinsa ya buɗe da kansa, kalmar ta zo har kan harshe, ya haɗiye ta. Ko ruwan ne ya yi aiki ko kwana ne ke gaba, likita ma ya ce ba zai iya rantsewa ba. Yaya dai ta fito, a rame, tana dafa bango tana yi masa faɗan ya bar gemu ya yi buzu-buzu.

Halinsa bai canza ba, har yau yana shinshina sifirit. Sai dai zargin ya sami sabon wurin zuwa. Duk wanda ya zauna a kujera, kafin ya yafa masa ƙyalle sai ya saci kallon gwiwar hannunsa ta ciki, ko zai ga tabon allura. Ya zargi direban bas, ya zargi malamin makaranta, har ɗan sandan da ba sa ga maciji ya zarga. Wanda ya fi zargi shi ne mai gyaran takalma, shi kuwa riga mai dogon hannu yake sakawa kullum. Sau biyu yana shirya tambayar, yana kai injin bayan kunnensa sai ya fasa.

"Yau ka cika shiru," in ji mai takalma ta cikin madubi. "Lafiya?"

"Sunkuyar da kai," in ji Malam Anya. Ya ɓare sabuwar reza, ya gyara masa ƙeya a hankali.