Malama Rakiya, Wadda Ta Sa Na Janye Maganata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar wata Laraba da hantsi ina ƙarƙashin gadar metiro, jirgin ƙasan cikin gari, a Barbès ta birnin Paris, ina taya kuɓewa, wayata ta yi ƙara. Malam Sani ne daga Lyon, mijin Malama Rakiya. Na soma gaisuwa yadda aka saba, ya katse ni tun ban kai ga tambayar yara ba. Ya ce, "Baba Manzo, sai haƙuri. Rakiya ta riga mu gidan gaskiya yau da safe." Ashe kwana huɗu ta yi a asibiti da ciwon zuciya, ban sani ba. Jirgi ya wuce bisa kaina, sauran maganarsa ban ji ba. Na aje wa mai kuɓewa kayansa, na nemi wurin zama.

Yau kwana arba'in. Ni ban zauna lakwal, wato makarantar boko, ba ko yini guda. Wannan da kuke karantawa faɗa na yi aka rubuta, aka maimaita mani, na ce haka ne. Abokan aikinta za su faɗi nasu. Ni abin da idona ya gani zan faɗa, har da wanda bai yi mani daɗi ba.

Aikinta shi ne yaran nan da ke isowa ƙasar nan su kaɗai, babu uwa babu uba. Ƙungiyar da take wa aiki na da biro, wato ofis, a Paris da Lyon, ita kuma kullum tana kan hanya tsakanin biyun. Idan yaro ya ce yana da ɗan'uwa a Faransa, ita ke neman mutumin, ta duba gidansa, ta rubuta wa alƙalin yara. In alƙali ya ba shi riƙo, ita ke kai ziyara ta ga yadda ake zaune.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta zo nemana a Aubervilliers, inda na ƙare ƙarfina ina sauke dilolin kaya a manyan ɗakunan ajiya. An gaya mata akwai wani tsoho da ya san gidajen mutane tun daga Matamai har Magarya har Tasawa. Ba a yi mata ƙarya ba. Ka faɗi mani sunan ubanka da garinku, zan gaya maka kakanka da sana'arsa da wadda ya aura. Ta durƙusa ta gaishe ni, 'yar Maraɗi ce mai ladabi, sannan ta ce, "Baba, takarda kowa na iya samowa. Ina son wanda zai gaishe mani da mutane."

Aikina ke nan tare da ita: gaisuwa. Mutum ya zo ya ce shi baffan yaro ne, sai in zauna in yi ta tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Mai gaskiya yakan ji daɗi har ya ƙara mani labari. Maƙaryaci ba ya wuce tambaya ta huɗu. Akwai wanda ya zo karɓar wata yarinya da sunan dangi, na ce masa, "Ina tsohuwa Ta-Gabas, jiki da sauƙi?" Ya ce tana nan ƙalau, jiya ma sun yi waya. Ni kuwa na san ta yi shekara ashirin a ƙasa. Da ya fita Rakiya ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Baba, da perfektir, ofishin takardun baƙi, na da irinka biyu, da layin bakin ƙofarsu ya ƙare."

Jakarta ba ta rabo da burodi da dabino da safa. Ba ta buɗe dosiyen takardun yaro sai ya ci. Takan ce, "Ya ci tukuna, dosiye ba ya jin yunwa." Ban taɓa jin ta ce wa yaro kada ya damu ba. Cewa take, "Ga abin da zan yi gobe, ga wanda ba ya hannuna." Kuma duk yaron da ya riƙe lambar gida, ranar farko take kira da wayarta, ta miƙa masa, ta fita waje har uwa da ɗa su gama kukansu.

Abu guda muka yi shekaru muna ja da ita. Duk gidan da ta kai ziyara, in an gama ci da sha, sai ta ce manya su ba ta ɗakin, ta rufe ƙofa da yaron su biyu. Ni wannan bai kwanta mani ba. A wurinmu ba a korar mai gida daga ɗakinsa, kuma babba ne ke magana a madadin yaro. Na sha ce mata, "Ɗiyata, wannan cin fuska ne. Mutumin da na tabbatar miki da asalinsa, me kuma kike nema?" Amsarta ba ta taɓa sakewa ba: "Takarda ta gaya mani faɗin ɗakinsa, kai ka gaya mani danginsa. Saura shi yaron ya gaya mani yadda yake kwana."

Sai ga maganar Lawali. Yaro ne ɗan shekara goma sha huɗu daga wani ƙauye kusa da Kance. Ya iso Paris bara, ya ce yana da kawu a Lyon mai suna Isufu. Na yi waya da Isufu, bai faɗi tambaya ko ɗaya ba. Ƙanin uwar yaron ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na san ubansu, baduku ne, na taɓa sa takalmin da ya ɗinka. Na ce wa Rakiya wannan kam ki ba shi ido rufe. Har takardar shaida aka rubuta da sunana na sa hannu, aka kai wa alƙali. Aka ba Isufu yaro.

Bayan wata uku za ta kai ziyara, na ce zan bi ta in ga Isufu, ɗan badukun da na sani. Gidansa na Rillieux-la-Pape, hawa na bakwai. Ya karɓe mu da tuwo da miyar kuka kamar muna gida. Lawali ya kawo shayi, ya miƙo mani kofi da hannun hagu, na dama yana cikin aljihun rigar sanyi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai, a gidanku haka ake miƙa wa babba abu? Wata nawa ka yi a Faransa da har ka manta hannun dama?" Ya sunkuyar da kai. Isufu ya ce, "Ka gani ko, Baba? Haka nake fama da shi."

Rakiya ta shanye shayinta, ta aje kofi, ta ce, "Baba, Malam Isufu, ku ba mu ɗakin."

Muka tsaya a bakin matakala ina ba Isufu haƙuri. Ba a jima ba ta fito riƙe da yaron, ta naɗe masa hannu da mayafinta. Wuyan hannun ya kumbura, ya yi baƙi, ya karkace. Ashe tun sati na biyu Isufu ya fitar da shi daga lakwal, ya ɗora shi kan keke da babbar jaka a baya, yana kai abinci gidajen mutane da sunan kawun. Ya faɗi bisa ƙarfen hanyar taram, jirgin da ke bin titi, ranar da aka yi ruwa, ya karye. Sati uku ana shafa masa man zafi, don in an je asibiti za a yi tambaya.

Isufu ya tare hanya. Ya ce, "Malama, ni ma haka na tashi. Uwarsa na can tana jiran abin da za a aika. Maganar gida ce, mu gyara ta a gida."

Ta ce, "Asibiti za mu. Da kai ko babu kai za mu je, amma na fi so da kai. Matsa, Malam Isufu."

Ya matsa. A ranar ta sanar da alƙali. Aka yi zaman farko, aka aje Lawali a gidan yara na Lyon, aka mai da shi lakwal, aka sa zama na biyu bayan wata shida don a yanke ko zai koma wa kawunsa.

A jirgin komawa Paris, da muka yi nisa, na juyo gare ta. Na ce, "Asalin da na faɗa gaskiya ne." Ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Kawunsa ne." Ba ta taɓa tuna mani faɗan da na yi wa yaron ba.

Da zaman ya matso, abu ya tsaya a wuri guda. Lawali ya ƙi faɗin komi a kan kawunsa. A zaman farko da aka tambaye shi, cewa ya yi wasa yake ya faɗi. Uwarsa na kira daga ƙauye tana ce masa ya koma, kada ya kunyata ta cikin dangi. Isufu ya ɗauki lauya, ya yi alkawarin gyara, yana kuma riƙe da takardar shaidata. Rakiya ta kira ni ta ce, "Baba, abu uku nake roƙo. Ka kira uwarsa. Ka gaya wa yaron ba laifi ba ne ya faɗi gaskiya, don daga bakina ba zai karɓa ba, sai daga bakin dattijo. Sannan ka zo gaban alƙali ka janye takardarka."

Na ce, "Shekarata saba'in da takwas, ban taɓa sa hannu a magana na dawo na lashe ba. Kuma ba na shiga tsakanin ɗa da kawunsa."

Ta ce, "Ai ka riga ka shiga, ranar da ka ce in ba shi ido rufe."

Na ce, "Ke dai taurin kai gare ki."

Ta yi dariya ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina zama da kai, me kake so in koya? Ka yi tunani, zan sake kira."

Ba ta sake kira ba. Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe, kuma a kan a'a muka rabu.

A wajen jana'iza na ga abin da ban taɓa gani ba a ƙasar nan. Samari da 'yan mata sun cika harabar masallaci, mutanen Gine, na Mali, na Sudan, namu na Nijar. Wani da kayan gini a jikinsa, wata da rigar asibiti, wani ya zo da matarsa da jariri. Duk ta hannunta suka bi. Lawali na tsaye can gefe tare da ma'aikacin gidan yara. Ni na tashi na je wurinsa, abin da ban saba yi wa yaro ba. Na ce, "Faɗan da na yi maka a kan shayi, ka yafe mani." Ya rasa inda zai sa idonsa. Na ce, "Ranar zama ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Ni Manzo na ba ka izini. Duk wanda ya ce ka yi rashin kunya, ka turo shi wurina."

Kashegari na kira uwarsa. Na soma da sunan ubanta da kakanta, don ta san da wa take magana. Na ce, "Ƙaninki na nan da ransa da lafiyarsa, ba wanda zai taɓa shi. Ɗanki ne ya kusa rasa hannu." Ashe ce mata aka yi targaɗe ne. Ta ce, "Baba, abin da ka gani shi ne."

Ranar zama na hau jirgi zuwa Lyon ni kaɗai. Alƙalin mace ce, da tafinta a gefe. Ta ɗaga takardar ta ce ko sa hannuna ne. Na ce nawa ne. Na ce, "Abin da ke ciki na dangantaka gaskiya ne, ba zan sake ko suna ɗaya ba. Amma na ce a ba shi yaro ban san yadda zai riƙe shi ba. Nan na yi kuskure, na janye." Isufu ya dube ni ya ce, "Baba, kai da ka san ubana?" Na ce, "Don na san shi ne. Da yana raye, da shi da kansa zai kawo ka gaban alƙali."

Aka fitar da mu, aka bar Lawali da alƙali. Ya yi magana. An yanke ya ci gaba da zama a gidan yara da karatunsa, kawun ya riƙa ganinsa amma ba su kaɗai ba. Isufu bai gaishe ni ba a bakin ƙofa, kuma akwai mutanen garinmu a Barbès da yanzu in na zauna sai su tuna suna da uzuri. Su je. Abin da ke damuna guda ne: wannan amsar tata ce, ta roƙe ta da ranta, ban ba ta ba sai da ta kwanta dama.

Allah Ya jiƙan Malama Rakiya, Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta Ya haskaka shi. Yadda ta tsaya wa 'ya'yan mutane ranar da ba su da kowa, Allah Ya tsaya mata ranar da ba kowa sai Shi. Malam Sani, Allah Ya ba ka haƙuri da juriya. 'Ya'yanta uku, Allah Ya raya su, Ya yi masu albarka, Ya haɗa su da masu riƙon amana irin uwarsu. Mahaifiyarta da ke Maraɗi, Allah Ya sanyaya mata zuciya. Yaran da ta bari dosiyensu a buɗe, Allah Ya kawo masu mai tsayuwa. Ni kuma Ya yafe mani jinkirin da na yi, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.