Kujerar da Na Yi Salla a Kanta

Farar kujerar roba ce, irin ta gidan biki, ƙafarta ɗaya ta tsage an ɗaure da waya. A kanta na yi salla shekaru, ina da sauran ƙuruciyata, ko furfura ɗaya babu a kaina. In na zo sujada sai in sunkuyar da kai kaɗan, hannuwana a kan cinya, kamar mai duba abin da ya faɗi. Na san ya halatta, malamai sun faɗa. Amma ni so nake goshina ya taɓa ƙasa, gwiwoyina kuwa sun ƙi kai nauyina can. Ranar ƙarshe da na gwada, sai da na rarrafa na kama ƙafar gado kafin na miƙe.

A unguwar Ali Kazaure muke lokacin, ciki da falo a gidan haya, shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Jos. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar kabeji da karas da dankali daga kasuwar Farin Gada zuwa kudu, kwanansa a hanya ya fi na gida yawa. Allah bai ba mu haihuwa ba, Innata kuma ta rasu ba da jimawa da aurena ba. Daga ni sai rediyo a ɗakin.

Ƙibar ba ta yi sallama ba. Kawai na ga zannuwana sun daina zagaye ni, gashina yana bin mataji, barci ba ya isata, ga wani sanyi da ke fitowa daga cikin ƙashi. In na ce ina jin sanyi, sai a ce ai Jos ce. In na ce jikina ya yi nauyi, matan gidan su kwashe da dariya.

"Ke kam direba ya iya kiwo," in ji matar mai gidan hayar. "Hutu ne ya karɓe ki, ki gode wa Allah."

Haka ake yi mini barka da ciwona, ni kuma ina amsawa da murmushi, don ban san yadda ake musa barka ba.

Da na gaji na kai kaina asibiti. Aka ɗibi jini, likitar, wata mace mai gilashi da ba ta da yawan magana, ta ce akwai wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaro da ake kira tayirod, ita ke hura wutar jiki, tawa kuma ta yi kasala. Ta rubuta mini wata ƙwaya ƙanƙanuwa, guda kullum da safe, muddin ina raye. Ta ce in rage tuwo da mai, in riƙa tafiya a ƙasa. Da na ba da labari a gida, aka leƙa wuyana aka ce ai ba ni da maƙoƙo, likitocin zamani ne da neman magana.

Da farko abin ya yi kyau. Na koma gwaten acca da ganye, na daina taɓa ƙosai, da hantsi in taka har Farin Gada in dawo da kabeji a leda. A kemis ɗin bakin layinmu akwai sikeli, mai shagon wata Inyamura ce da kowa ke kira Madam. Duk Asabar nake hawa, allurar tana ja da baya kaɗan kaɗan, Madam tana tafa mini. Na fara yi wa kujerar kallon baƙuwar da ta kusa tafiya.

Sai allurar ta tsaya cak. Damina ta wuce, rani ya zo ya wuce, tana nan a wuri ɗaya kamar an buga mata ƙusa.

"Hajiya, sauka ka hau kuma," Madam za ta ce. In sauka in sake hawa. Ta girgiza kai. "Sikeli ba ya ƙarya fa. Kana ci abinci a ɓoye, ko?"

A ɓoye daga wa? Ni da ko kyanwa babu a ɗakina. Na rage abinci har ina ganin jiri, na ci kabeji har na tsani warinsa, na ƙara nisan tafiya har diddigena ya tsattsage. Na koma asibiti, jini ya nuna kamar ba na shan komai. Likita ta ƙara ƙarfin ƙwayar, ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "Kina sha kullum kuwa?" Wannan tambayar ta fi ta Madam ciwo. Ni ba na tsallake magani. Na fito ina huci, na ƙi hawa acaɓa don haushi, na tako har gida ina faɗa da ita a zuciyata.

Ga yadda nake shan maganina, kuma babu wanda ya taɓa tambaya. Innata tana da doka a gidanmu: ba a shan magani ciki wayam, zai cinye hanji. Ko maganin ciwon kai ne sai ta dama kunu ta tsaya a kanka ka shanye. Saboda haka kowace safiya nakan kunna risho in dama kunun kanwa mai zafi, in zuba madarar gari, in juye a ƙoƙon da Inna ta bari. In jefa ƙwayar a baki in kora da kunun, in bi da cokalin maganin ƙarin jini da yayar maigidana ta ce kada in rabu da shi. Duk abin da na bari na bari, ban da wannan kunun. In ina riƙe da ƙoƙon, ɗuminsa yana ratsa tafin hannuna, nakan ji kamar akwai wanda ya damu da ko na karya.

Ana haka aka shiga wahalar kalanzir. Layin jarkoki ya zagaye gidajen mai, ni kuma ba ni da ƙafar tsayuwa a layi. Na koma gawayi, ga damina, gawayin duk a jiƙe, sai rana ta ɗaga yake yarda ya kama. Na zama mai hura wuta sau ɗaya, wajen azahar. Safiyar farko na zauna da ƙwayar a hannu ina dubanta. Tsallakewa ba zan yi ba, don kada maganar likita ta tabbata. Na ɗebi ruwan randa, na ce Inna ki yi haƙuri, na haɗiye. Na zauna ina jiran hanjina ya fara cinyewa. Bai cinye ba. Kunu da maganin jinin suka koma sai an hura wuta.

Makonni suka shuɗe a haka. Wata safiya na gama sharar tsakar gida, sai na lura ban sa rigar sanyi ba, tana can rataye a ƙusa. Barcin hantsi ya sake ni. Ran Asabar na hau sikeli, Madam ta durƙusa ta goge gilashinsa da gefen zani, ta sake dubawa.

"Ya motsa, Hajiya. Wallahi ya motsa."

Da lokacin asibiti ya zagayo, likita ta daɗe tana duban sakamakon jinin. Ta ce, "Me kika canza?"

Na ce, "Ba komai, likita. Kalanzir ne dai ya ƙare mana."

Ta ajiye biro ta ce in yi mata bayani. Na faɗa mata kunun, da kanwar, da madarar, da cokalin maganin jini. Ta cire gilashinta ta murza ido. Ta ce wannan ƙwayar da ruwa zalla ake shanta, ciki babu komai, a jinkirta karin kumallo, su madara da kanwa da maganin jini kuwa riƙe ta suke yi a ciki su hana ta shiga jini, sai a nisanta su da ita sosai. Har rage mini ƙarfinta ta yi, tunda yanzu tana isa inda aka aike ta.

"Ba a gaya miki ba?" ta ce a hankali.

"Wa zai gaya mini? A jikin ledar maganin an ja layi ɗaya ne a ƙarƙashin hoton rana."

A hanyar gida na ji haushin kowa, har da Innata, Allah ya jiƙanta. Da na shiga ɗaki na ga ƙoƙonta a kife, sai haushin ya koma kuka. Ita dai hanjina take tsarewa.

Jikin bai zube a rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa sauka, wani watan ma ya tsaya ya huta. Amma ya sauka har aka gani. Matan da suka yi mini barka da ƙiba suka koma yin shiru in na fito. Matar direba, ga rama, a shekarun da kowa ke tsoron ciwon zamani. Babu wadda ta faɗa a gabana. Na dai lura an daina aron kofina.

Wata la'asar ana yayyafi, na shimfiɗa darduma na jawo kujerar kamar kullum. Na tayar da salla a tsaye. Da na ɗago daga ruku'u sai ban nemi kujerar ba, na tafi ƙasa a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Goshina ya sauka. Dardumar tana warin ajiya, sanyin siminti yana ratso ta. Na daɗe a wurin fiye da yadda ya kamata, sannan na miƙe ban kama komai ba.

Da na sallame na rasa wanda zan gaya wa. Na yafa mayafi na fita cikin yayyafin zuwa wurin mai waya da ke ƙarƙashin lema, na ba ta lambar maigidana. Ya ɗauka cikin ƙarar injin da hayaniyar tasha.

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Yau na yi sujada a ƙasa."

Ya ce, "To, da a ina kike yi?"

Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, shi mutum ne mai kirki. In yana gari a masallaci yake salla, kujerar kuwa a kanta yake ɗora jakarsa. Na ce masa ba komai, Allah ya kiyaye hanya. Na dawo gida, na ɗauki kujerar na kai ta tsakar gida, ruwa yana dukanta.