Ɓarau Marini da Garin da ke Shanye Launi

A Talata Mafara, in ka ga akuya da shuɗin baki, ba sai ka tambaya ba, ta ratsa ta bayan gidan Ɓarau marini. Tun yana saurayi yake rini a tsakar gidan da ya gada, yana tuttule ruwan cikin kwata, unguwa na sha. Mutum ne mai hannun jarirai, ko ƙuda ya faɗa masa cikin baban rini sai ya matse shi kafin ya yar.

Da zogalen Gwaggo Hindatu maƙwabciyarsa ya bushe ƙarmas, ta kai ƙara. Mai unguwa ya yanke magana: ko ruwa ya fito fari, ko Ɓarau ya kwashe tukwanensa ya koma bayan gari. Ɓarau kuwa ya fi son mutuwa da barin gidan ubansa.

Ɗiyarsa Bushra ce ta cece shi. Tana karatun kimiyya, ta zo hutu da wani baƙin gari mai laushin kwalli, wai shi girafin, dangin gawayi ne, aikinsa kama launi ya riƙe. Ta shimfiɗa shi cikin durom tsakanin yashi da tsumma, aka zuba ruwan rini ta sama, ya fito ta ƙasa garau. Mai unguwa ya zo ya gani, daɗi ya kama shi, har ya ba Ɓarau babbar rigarsa ta sallah a rina.

Kafin Bushra ta koma makaranta ta ja kunnen ubanta, garin nan kada ya kusanci tukunyar rini.

Ai kuwa barci ya ƙaurace wa Ɓarau. Duk shuɗin da ya saya da guminsa yana cikin cikin wannan gari, a ce an bar masa? Ko katsi, laka ta gindin marina, iyayensa ba su taɓa zubar da ita ba, ƙonawa suke su mayar.

"Mi yarinyag ga ta sani ga rini?" in ji shi. "Abin da ya ci nau, sai ya amayo shi."

Ya kwashe garin tas ya juye cikin tukunya, ya dama, ya tsoma rigar mai unguwa. Gari bai amayo komai ba, sai ma ya ƙara da shanye wanda ya tarar. Riga ta fito toka-toka da ɗigon baƙi, sak bayan zabuwa.

Mai unguwa bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ya juya rigar gaba da baya, ya tambayi Ɓarau ko yana da amalanke ko a ara masa.

Yau Ɓarau yana bayan gari, kan hanyar Maradun, shi da tukwanensa. In ka zauna zai rantse maka 'yan boko ne suka cuce shi. Gidan ubansa kuwa Gwaggo Hindatu ke shanya kuɓewa a tsakar gidan.